Yadda za ka tantance labarin raunin ɗan wasa kafin ka shiga musu

Ina da gidan kallon ƙwallo a wajen Ƙofar Marusa a nan Katsina: benci goma sha biyu, talabijin uku, janareto ɗaya. Wasa minti 90 ne, amma musun da ke biyo bayansa yakan kai kwana uku, daga cikin rumfa ya fito teburin mai shayi, daga nan ya koma waya. A duk gardamar da ake yi a wurina, ba wadda ta fi ɓata zumunci kamar ta rauni. Ɗan wasa zai faɗi a fitar da shi, kafin in kashe janareto wani ya ce karaya ce, wani ya ce raki ne kawai, na uku ya ɗaga waya sama ya ce ga shi an rubuta wata shida. Da yake na girmi yawancinsu, ni ake juyowa: "Maigida, kai mi ka gani?" Na daɗe ina amsa wannan tambaya, har na samu hanyar da nake bi, ita ce zan shimfiɗa a nan.

Bari in fara da Sadio Mane, don a kansa na ga abokai biyu sun yi kwana tara ba sa gaisawa. Ranar Talata 8 ga Nuwamba 2022, Bayern Munich na wasa da Werder Bremen, Mane ya zauna a ƙasa tun wasa bai yi nisa ba, aka canja shi. Saura ƙasa da mako biyu a fara Kofin Duniya a Qatar. Washegari jaridar L'Equipe ta Faransa ta ce ba zai buga gasar ba. Bayern kuwa ta ce ya ji ciwo a saman siririn ƙashin ƙwaurinsa na dama, ba zai buga wasan gaba ba, kuma za a ƙara duba shi. Ranar Juma'a kocin Senegal Aliou Cisse ya karanta sunayen 'yan wasansa, ga Mane a ciki. Nan gidan kallona ya rabu biyu. Wani tela da ke zama bencin gaba ya rantse jaridar ta yi ƙarya tunda ga suna a takarda, abokinsa mai gyaran babur ya ce a dai jira. Ranar 17 ga wata hukumar ƙwallon Senegal ta sanar cewa Mane ya fita daga gasar, aka yi mashi aiki, bai sake taka leda ba sai ƙarshen Fabrairu 2023.

A wannan labari ba wanda ya yi ƙarya. Jarida ta faɗi abin da majiyarta ta hango, kulob ya faɗi iyakar abin da ya tabbatar a ranar, koci ya sa sunan saboda dokar gasar ta yarda a canja mai rauni har zuwa awa 24 kafin wasan farko, don haka ba abin da zai yi asara in ya jira. Wanda ya san matsayin kowace magana ba zai yi faɗa da abokinsa a kanta ba.

Tambayar farko da nake yi wa duk wanda ya kawo mani labari ita ce: wa ya faɗa? Mu da muka zauna gaban malaman zaure mun san ba a karɓar ruwaya sai an ji daga bakin wa ta fito, wa ya ji daga wa. Haka za ka yi da labarin rauni. In yaro ya nuna maka rubutu a Facebook ko a zauren WhatsApp, ka karanta har ƙasa ka ga ko an ambaci inda aka samo. In an ce "rahotanni sun ce" ko "majiya mai tushe" ba a kama sunan jarida ko ɗan jarida ba, ka ajiye shi gefe, ji-ta-ji-ta ne har sai an samo mashi uba. In an ambaci suna, ka bi sunan. Ka shiga shafin kulob ɗin da kanka, ko na hukumar ƙwallon ƙasar, ka ga ko sun fitar da sanarwa. Wannan aikin bai wuce minti biyu ba, kuma datar da zai ci ba ta kai ta bidiyo ɗaya ba.

A wurina sanarwar kulob ko ta likitan tawagar ƙasa ita ce a gaba, domin su ke riƙe da hoton asibiti. Sai maganar koci wadda aka ji daga bakinsa a taron manema labarai. Sai ɗan jarida mai suna, mai gidan aiki sananne, wanda in ya yi kuskure mutuncinsa ne zai zube. Can ƙasa kuma shafukan da ke kwaso labarin wasu su ƙara mashi gishiri don a danna. Sannan ka sani kulob-kulob ba ɗabi'arsu ɗaya ba. Real Madrid da Barcelona sukan fitar da gajeriyar takardar likita mai ɗauke da sunan ciwon, sau da yawa ba tare da faɗin ranar dawowa ba, to in takardar ba ta faɗa ba, duk adadin makonnin da ka gani an liƙa a jikin labarin, lissafin 'yan jarida ne. Kulob-kulob na Ingila kuwa sun fi barin maganar a bakin koci.

Hoton rubutu da aka ɗauka daga fuskar waya ba hujja ba ne. Ɗan ƙanwata, da ke taya ni karɓar kuɗi a ƙofa, ya taɓa kawo mani irinsa da hoton Fabrizio Romano, sanannen ɗan jaridar ƙwallo, a sama, yana cewa, "Kawu, ai shi da kansa ya rubuta, ga ma shuɗiyar alamar nan." Na ce ya buɗe ainihin shafin mutumin ya nemo mani rubutun. Ya yi ta nema bai samu ba. Da muka koma kan hoton, ashe an sauya harafi ɗaya a sunan shafin. Shuɗiyar alamar tantancewa ta shafin X, wato tsohon Twitter, kuwa yanzu duk mai kuɗin biya yana iya samunta. Ka kuma duba kwanan wata, domin tsohon hoton ɗan wasa a kan gadon asibiti yakan dawo duk lokacin da ya ɗan yi ɗingishi.

Bayan ka san wanda ya faɗa, sai ka duba agogo: yaushe aka ji ciwon, yaushe aka rubuta labarin? In ɗan wasa ya fita da ƙarfe tara na dare, ƙarfe goma wani ya ce zai yi jinyar wata huɗu, ka tambayi kanka ina aka yi hoton. Ciwon tsoka da na jijiya ba ya fitowa a hoton ƙashi na yau da kullum, sai a na'ura irin MRI, kuma galibi sai washegari ko bayan kwana biyu ake yinsa, wani lokaci ma a jira kumburi ya ɗan sauka ko a kai wa ƙwararre ya sake karantawa. Shi ya sa jin cewa "hoto bai nuna karaya ba" ba ya nufin an tsira. Ƙashi ne kawai aka wanke, jijiya na nan ba a ji ta bakinta ba. Karaya ce ake iya tabbatarwa da wuri. A Kofin Duniya na 2014, da Zuniga na Kolombiya ya sa wa Neymar gwiwa a baya, a daren nan likitan Brazil ya sanar cewa ƙashin baya ya tsage, gasar ta ƙare mashi. Don haka dokata mai sauƙi ce: in ba karaya ba ce, duk adadin da na ji a daren wasa hasashe nake ɗaukarsa, sai an kwana biyu nake fara rubuta shi a rai.

Yanzu ga wurin da nake so a tsaya a saurare ni da kyau, domin nan ne 'yan kallo suka fi faɗawa rami. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a sha'anin rauni ido na yaudara ƙwarai. Muna ganin wanda aka ɗauka a gadon marasa lafiya yana kuka mu ce ya gama, bayan kwana goma ya dawo. Muna ganin wanda ya miƙe ya fita da ƙafarsa mu ce ba komai. Ranar 17 ga Oktoba 2020, Jordan Pickford na Everton ya afka wa Virgil van Dijk, Van Dijk ya tashi ya taka da kansa ya fita fili. A rumfata magoya bayan Liverpool sun yi ajiyar zuciya, suka ce tunda ya taka, mako ɗaya ne. Washegari kulob ya tabbatar jijiyar gwiwa ta lalace sai an yi aiki, kakar wasan gaba ɗaya ta wuce shi, har gasar ƙasashen Turai ta 2021 bai je ba.

Ni a ranar ban yi ajiyar zuciya ba, saboda na san wannan takun. Ina saurayi ina buga lamba shida a ƙungiyar unguwarmu. Wata yamma na juya da ƙwallo, ƙafa ta kafe a ƙasa jiki ya wuce, na ji wani abu ya ce ƙas a cikin gwiwata. Ba wanda ya taɓa ni. Na tashi na taka har gida. Da dare gwiwa ta kumbura kamar ƙwarya. Aka kai ni wurin mai ɗori, ya shafa ya ce targaɗe ne, ya ja, ya ɗaure. Masu ɗori na da iliminsu a kan ƙashi, ban raina su ba, amma abin da ya tsinke a can cikin gaɓa hannu ba ya ɗora shi. Bayan wata guda kumburi ya sauka, ina tafiya daidai, har gudu ina yi in dai miƙe ne. Da zarar na ce zan karkata sai gwiwa ta sulluɓe in zube. Abin da ya fi ciwon zafi shi ne maganar mutane. An ce tsoro nake ji, an ce na ƙi buga wa unguwa ne don wata ƙungiya na zawarcina, har wani dattijo da nake ganin girmansa ya tare ni ya ce, "Yaro, namiji ba ya raki." Sai da na je Kano aka yi hoto sannan aka ga jijiyar da ke gicciye a tsakiyar gwiwa, wadda likitoci ke kira ACL, ta tsinke tun ranar farko. Ban sake buga gasa ba. Shi ya sa in na ga ɗan wasa ya faɗi shi kaɗai ba wanda ya taɓa shi, ya riƙe gwiwa, gabana ya fi faɗuwa a kan in na ga an yi mashi mummunar keta.

Wanda ya fi wannan ban tsoro shi ne na Taiwo Awoniyi. Ranar 11 ga Mayu 2025, Nottingham Forest na wasa da Leicester, ya zo da gudu ya bugi turken raga da cikinsa. Aka duba shi, ya koma fili ya ɗan ci gaba. Mu da ke kallo mun ɗauka iska ce ta ɗauke mashi. Washegari aka yi mashi aikin gaggawa a ciki, har sai da likitoci suka sa shi dogon barci don jikinsa ya huta. Ciwon ciki da na kai ba sa nuna kansu a talabijin. Kada ka yanke hukunci da abin da kyamara ta nuna maka a daƙiƙa goma.

Abu na gaba shi ne ka riƙe sunayen ciwukan da suka fi yawa da kimanin lokacin da kowanne ke ɗauka. Ba sai ka zama likita ba, kamar dai yadda manomi ya san gero da dawa ba rana ɗaya suke nuna ba. Tsokar bayan cinya, ta sha-raɓa da ta matsematsi ana kasa ciwonsu mataki uku. Na farko ɗan jan tsoka ne, mako ɗaya zuwa uku. Na biyu wani sashe ya yage, makonni da dama, sau da yawa ya haura wata. Na uku ta yage sosai ko ta rabu da ƙashi, wannan watanni ne kuma akan kai ga aiki. Targaɗen idon sawu na iya zama kwanaki, yana iya zama makonni. Karayar ƙananan ƙasusuwan tafin ƙafa, irin wadda ta samu Beckham a 2002 da Rooney a 2006 dab da Kofin Duniya, wajen wata ɗaya da rabi zuwa biyu ne ko fiye. Tsinkewar agara da tsinkewar ACL kuwa ka ƙirga daga wata shida zuwa sama, ACL ma ta fi kaiwa takwas ko tara. Rodri na Manchester City ya ji nashi a wasan Arsenal ranar 22 ga Satumba 2024, da sanda ya hau dandamali ya karɓi Ballon d'Or a Oktoba, bai dawo fili ba sai Mayu 2025.

Amfanin wannan sani shi ne ka auna labari da kansa. In rubutu ya ce ACL ta tsinke kuma ya ce mako uku, to ɗaya daga cikin maganganun biyu ba daidai ba ce. In aka ce tsokar cinya ce sannan ka ji kalmar tiyata, ka bar zancen mako biyu. Bukayo Saka ya fita a wasan Crystal Palace ranar 21 ga Disamba 2024. Kocinsa na Arsenal, Arteta, ya fara cewa makonni ne masu yawa, bai ba da adadi ba. Magoya bayan Arsenal na rumfata, waɗanda su suka fi kowa yawa, suka yi ta fassara "masu yawa" yadda ransu ke so, wani ya ce huɗu, wani ya ce shida. Da aka ji an yi aiki na ce masu su cire rai sai bayan wata uku. Ranar 1 ga Afrilu 2025 ya dawo a wasan Fulham, ya shigo daga benci ya ci ƙwallo.

Duk da haka adadin likita ma kintace ne na mai ilimi, jiki da jiki sun bambanta. Victor Osimhen ya yi karo da Milan Skriniar na Inter ranar 21 ga Nuwamba 2021, ƙashin kunci da na kwarmin ido suka farfashe. An yi maganar wata uku, sai ga shi ya dawo a tsakiyar Janairu 2022 da abin rufe fuskar da har yau aka san shi da shi. Wanda ya ce wata uku bai yi ƙarya ba. Saboda haka in ɗan wasa ya dawo kafin lokaci ko ya ƙara mako biyu, kada ka ce an yaudare ka.

Maganar koci kuwa a saurare ta da kunne biyu. Shi ne ya fi mu kusa da gaskiya, amma yana da abokin hamayya da ke sauraro, yana da magoya baya da yake so su kwantar da hankali, wani lokaci kuma shi kansa fata yake yi. A 2018, bayan Sergio Ramos ya kayar da Mohamed Salah a kan kafaɗa a wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai a Kiev, Misra duk ta zuba ido. Ana gobe wasansu na farko na Kofin Duniya da Uruguay, koci Hector Cuper ya nuna kusan tabbas Salah zai buga. Aka yi wasa aka gama yana benci. Sai a wasa na biyu da Rasha ya fito, ya ci fenareti. In koci ya ce "za mu gani gobe" ko "muna duba shi kullum", bai ce zai buga ba, bai ce ba zai buga ba. Ka bar maganar a inda ya bar ta.

A nan ne fassara ke yi mana ɓarna. Yawancin labaran nan da Turanci, Sifaniyanci ko Italiyanci suke fitowa, kafin su iso wayar yaro a Sabuwar Unguwa sun bi hannu uku. Baturen Ingila zai ce akwai shakku kan ko wane zai buga, mai fassara ya rubuta "wane ba zai buga ba". A ce ya ɗan bugu, a mayar da shi "ya ji mummunan rauni". A ce ana fargabar ciwon jijiya ne, a cire fargabar a bar jijiyar. Ka nemi waɗannan ƙananan kalmomi, "ana fargaba", "mai yiwuwa", "ana sa ran", domin su ke gaya maka cewa marubucin kansa bai tabbatar ba. Kanun labari kuma don jawo ido ake yinsa, ka shiga ciki ka karanta. Ni nakan jira in ji yadda sashen wasanni na BBC Hausa ya kawo, in haɗa da sanarwar kulob, in sun dace sai in yi magana.

Sai zargin ƙaryar ciwo, wanda shi ne ya sa na zauna rubuta wannan duka. Duk lokacin da ɗan Super Eagles ya ce ba zai zo ba saboda rauni, kafin a ji komai an yanke mashi hukunci: ya fi son kuɗin Turawa a kan ƙasarsa. A Janairu 2024, ana shirin gasar kofin Afirka a Kodebuwa, Sadiq Umar ɗan Kaduna ya bugu a gwiwa a wasan sada zumunta da Gini a Abu Dhabi. Aka cire shi aka kira Paul Onuachu. Bayan 'yan kwanaki sai ga bidiyonsa yana atisaye da Real Sociedad. Ranar rumfata ta ɗauki zafi, wasu na zaginsa, wasu na zagin likitocin tawaga. Na ce masu su tuna abu biyu. Wannan yaron ACL ɗinsa ta taɓa tsinkewa a Satumba 2022, jim kaɗan da zuwansa kulob ɗin, duk likitan da ya ga gwiwarsa ta kumbura dole ya yi taka-tsantsan. Sannan koci Jose Peseiro na da wa'adin canja ɗan wasa kafin wasan farko na ranar 14 ga wata, ba shi da damar jiran kumburi ya sauka. Gwiwar da ta ba da tsoro ranar Laraba tana iya lafawa a mako mai zuwa ba tare da kowa ya yi ha'inci ba. Hukumar ƙwallo ta yi nata bayanin, shi ma ya yi nashi, mu da ke Katsina ba mu ga hoton asibitin ba.

Ku tuna kuma abin da ya faru a Yuni 2024. Osimhen bai buga wasannin neman gurbin Kofin Duniya da Afirka ta Kudu da Benin ba saboda rauni. Sai wasu shafuka suka ruwaito cewa koci Finidi George ya yi maganar da ke nuna shakku a kansa. Osimhen ya fito kai tsaye a Instagram a fusace ya mayar da martani, daga baya Finidi ya musanta cewa ya faɗi haka. In har ɗan wasa da kocinsa, masu lambar wayar juna, labarin "an ce ka ce" zai iya shiga tsakaninsu, ina ga ni da kai? Kuma dokar FIFA ta ba hukumar ƙasa damar sa likitan da ta zaɓa ya duba ɗan wasan da aka gayyata ya ce ba shi da lafiya. In akwai shakka, akwai masu hurumin bincike. Cewa mutum ya ƙirƙiri ciwo ƙazafi ne in ba ka da hujja, kuma na san ɗacinsa a bakina.

Wani abu a gefe: na lura masu saurin yaɗa labarin rauni tun bai nuna ba, da yawansu yaran da suka faɗa cacar ƙwallo ne, hankalinsu ba a kwance yake ba, kowace jita-jita sai ta girgiza su. A rumfata na hana wannan harka, kuma ina roƙon iyaye su sa ido.

Hoton atisaye ma a karanta shi da hankali. Ganin ɗan wasa yana gudu shi kaɗai a gefen fili tare da mai kula da lafiyarsa mataki ne na farko. Shiga cikin 'yan'uwansa a yi komai da shi, har da gogayya, shi ne alamar ya kusa. Ko bayan haka akan fara sa shi a benci a ba shi minti 20, domin tsokar da ta warke jiya ita ta fi saurin sake yagewa. A ƙwallonmu ta gida abin ya fi sauƙi ta wata fuska: in aka ce wani ɗan Katsina United ya ji ciwo, Karkanda ba nisa, ka je can filin, wato na Muhammadu Dikko, ranar wasa ka ga ko ya fito ɗumama jiki, ko ka saurari jami'in yaɗa labaran ƙungiyar, ya fi maka jin ta bakin wanda ya ji a tasha.

A allon da nake rubuta wasannin rana a ƙofar rumfa na ware wani lungu daga ƙasa. In babban ɗan wasa ya ji ciwo nakan rubuta sunansa, abin da aka ce ya same shi, wanda ya faɗa, da ranar da aka faɗa. In kulob ne ya sanar, da farin alli nake rubutawa. In jarida ce kawai, da ja. In ba a san mafarin maganar ba, ba ta hawa allona ko da mutum ɗari sun turo mani. Ranar wasa kuma, a Firimiya ana fitar da sunayen waɗanda za su buga minti 75 kafin a take, to a lokacin ɗan ƙanwata ke duba shafin kulob ya karanto mani, in sunan ya fito in sa tsumma in goge, in bai fito ba in bar shi zuwa mako mai zuwa, sannan in je in tayar da janareto.